Rasuwar Magulmaciya, Mai Leƙa Jinin Ƙafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wasu tambayoyi da har yanzu suka ƙi kwanciya, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki da dukkan masu zuwa ɗakinmu na kula da gyambo rasuwar abokiyar aikina, na'urar auna iskar oksijin a cikin tsoka, wadda aka fi sani da Magulmaciya. An iske ta ba rai da safiyar Litinin ɗin makon jiya, kwance a cikin jakarta, an goge ta tas, an naɗe wayarta, an ja zif har ƙarshe. Wannan tsafta ce ta fara tayar mini da hankali, domin tun da nake da marigayiya ban taɓa naɗe wayarta da kyau haka ba.

An haifi marigayiya a wata masana'anta mai nisa. Ta yi ƙuruciyarta a hannun malamina, tsohon likitan da ya koya mini wankin gyambo da haƙuri da masu shi. Ranar da zai ajiye aiki ya kira ni ofishinsa, ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce in riƙe ta amana, kada in ba kowa aro ko da shugaban asibiti ne. Na riƙe wannan wasiyya har wasu suka daina gaishe ni a baranda.

Ga waɗanda ba su san ta ba, girmanta bai wuce tafin hannun babban mutum ba. Tana da 'yar fuska ta gilashi da doguwar waya mai ɗan kai a ƙarshenta. Idan aka ɗora ɗan kan nan a fatar mutum, sai ta aika wani haske cikin nama, hasken da ke maƙwabtaka da ja amma ya ɗan gota shi, har idon ɗan Adam ba ya ganinsa. Hasken yakan ratsa fata ya shiga tsoka. Jinin da ya ƙoshi da oksijin yana da irin yadda yake shan hasken, wanda ya talauce ma yana da irin tasa. Abin da ya yi saura ya dawo, shi take karantawa, ta rubuta lamba a fuskarta. Idan lambar babba ce, nama yana samun abin da yake buƙata. Idan ƙarama ce, hanyar jini ta fara toshewa, kuma komai tsadar maganin da aka shafa wa gyambon ba zai rufe ba, sai an nemi likitan jijiyoyin jini.

Marigayiya ba mai yawan surutu ba ce. Kalmominta biyu ne a duniya. Idan ta gamsu da abin da ta gani, sai ta ce ɗin-ɗin, a taƙaice, kamar mai amsa gaisuwa tana sauri. Idan kuwa lambar ta faɗi ƙasa da inda na gindaya mata, sai ta ja murya ƙasa-ƙasa ta ce ɗuuum, ɗaki ya yi tsit. Na ga manyan mutane masu ƙaton tumbi da direba a waje sun daina dariya saboda wannan kalma ɗaya.

Ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Ba a yi mata daɗin baki. Wani direban babbar mota ya taɓa zuwa mana da ƙafar da kowa ya fitar da rai da ita, shi kansa ya riga ya fara tambayar inda ake sayar da sanda. Marigayiya ta leƙa ta ce ɗin-ɗin, muka dage da wanki da ɗauri, yau yana kan hanya yana taka birki da ita. Wata mai ɗinki kuma ta zo da ɗan ciwo a dunduniya, tana cewa ai ƙusa ce kawai, a ba ta man shafawa ta koma shago. Marigayiya ta ce ɗuuum. Matar ta zage mu ni da ita, ta tafi, ta dawo bayan ta huce, aka buɗe mata jijiya, ƙafar da take taka keken ɗinki da ita tana nan daram. Ita ce ta ɗinka wa marigayiya jakar da aka iske ta a ciki.

Sunan Magulmaciya kuwa mahaifina ne ya raɗa mata, kuma ba don ƙauna ba. Baba tsohon alƙalin wasan ƙwallo ne, har yau abokansa Rafali suke ce masa. Mutum ne da ya ƙare ƙarfinsa yana busa wa wasu usur, bai taɓa yarda wani ya busa masa ba. Da ciwon sukari ya kama shi, nakan auna ƙafafunsa lokaci zuwa lokaci. Wata rana lambar ta sauka, na matsa masa da tambaya, sai ta bayyana ya daina shan maganinsa tuntuni. Ya harari na'urar ya ce, "Wannan abar magulmaciya ce. Ta leƙa cikin mutum ba sallama, ta kai rahoto." Tun daga ranar ya ƙi ta. In na ɗauko ta sai ya ce, "Uwata, a asibiti ke likita ce, a gidan nan 'yata ce. Mayar da ita." Na yi lallashi, na yi fushi, na haɗa shi da abokansa, ko gezau.

Marigayiya ta rasu ta bar cajarta, wadda ta rayu da ita cikin aminci, ko da yake a 'yan shekarun nan sai an ɗaure ta da roba take aiki. Ta bar 'yar ƙanwarta, ƙaramar na'urar da ake maƙala wa yatsa, wadda mutane ke yawan rikita su, alhali ita wannan labarin jinin da ke fitowa daga zuciya kawai take bayarwa, ba ta san halin da tsokar dunduniya ke ciki ba. Ta bar ƙaninta na awon hawan jini, da 'yar uwarta ta gwajin sukari mai cizon yatsa. Ta kuma bar dogon layin marasa lafiya a kan bencin baranda, waɗanda yanzu sai dai mu aike su wani sashe su jira, ko in taɓa ƙafa da hannu in yi ta saƙe-saƙe.

Game da ciwon ajalinta, ina so jama'a su sani marigayiya ba ta yi jinya ba. Ranar Juma'a ta yi aiki har mutum na ƙarshe, ta ce masa ɗin-ɗin da muryarta garau. Na sa ta a jaka na tafi da ita gida kamar yadda na saba, domin kwabar ɗakinmu ta asibiti ko da bayan cokali ana buɗe ta. A gida na ɗora ta saman kwabar kayana, inda take kwana duk ƙarshen mako. Ranar Litinin na sauko da jakar ina sauri ban buɗe ba, na ajiye ta a kan teburina na asibiti, aka kira ni taro wurin shugaban sashe. Da na dawo, mai ciwo na farko ya riga ya miƙe ƙafa. Na buɗe jaka, na ga wayar nan a naɗe kamar za a kai ta kasuwa. Na danna. Shiru. Na sa caja, na girgiza, na kira sunanta. Rai ya riga ya yi halinsa.

Hankalina ya ba ni cewa abin ya faru ne a lokacin da nake wurin taro, kuma mutum ɗaya aka bari a ɗakin. Sista ce, ma'aikaciyar jinyar da muka daɗe muna aiki tare, mace mai tsafta har ta wuce misali, wadda ke naɗe komai da ta gani a warware. Ta sha yin ƙorafin cewa marigayiya na jawo mana jinkiri, layi na tsawo, mutane na zaginta a baranda. Na rufe ƙofa na tambaye ta cikin ladabi ko ta taɓa jakar.

Ta ce, "Na ɗaga ta na goge tebur, na mayar."

Na ce, "Kin buɗe?"

Ta ajiye almakashin da ke hannunta a hankali, ta yi mini kallon sama da ƙasa. Ta ce, "Likita, in kashe ta zan yi, da ban jira shekaru haka ba." Na lura ba ta ce a'a ba. Daga ranar ta koma yi mini magana ta bakin marasa lafiya, sai in ji tana cewa, "Baba, gaya wa likita audugar ta ƙare," alhali ina tsaye kusa da ita.

Ban gama da wannan ba, sai ga dillalin kayan asibiti ya faɗo da tsakar ranar, da jakarsa da turarensa mai hawa kai. Wannan bawan Allah ya daɗe yana zawarcin in sayi sabuwar na'ura a hannunsa, mai hoto kala-kala. Ya taɓa ɗaukar marigayiya a gabana, ya jujjuya ta, ya ce irin waɗannan tsofaffin ba sa ba da sanarwa, rana ɗaya ake wayar gari. Yana shigowa ya cire hula ya ce, "Likita, ya haƙuri?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ai fuskarki ta gaya mini." Ya zaro hoton sabuwar na'urar ya ɗora a kan jakar marigayiya, gawa ko sanyi ba ta gama yi ba. Na kore shi. Daga taga na hango shi a bakin ƙofar asibiti yana hira da Sista suna dariya, na ce a raina, to, ashe su biyu ne.

Haka na yi kwanaki ina aiki ido ɗaya a kan gyambo, ɗaya a kan mutane. Mai goge-gogen ɗakinmu, wadda ke fesa ruwan kashe ƙwayoyin cuta a kan duk abin da bai motsa ba, ita ma ta shiga sahun waɗanda nake tuhuma, har ta fara rantsuwa tun kafin in buɗe baki. Ranar Alhamis na yanke shawarar a yi wa gawa bincike. Na kai ta wurin mai gyaran wayoyi da ke ƙarƙashin matakalar wani bene a kasuwa, mutumin da ba ya yawan magana, mai gilashi ɗaya maƙale a ido. Ya kwance ƙusoshinta ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga murfi. Sai ga tururuwa sun fito a jere, ƙosassu, ba su ko gaggawa.

Ya leƙa, ya dangwala yatsa, ya shinshina. Ya ce, "Likita, wannan ba mutuwar Allah da Annabi ba ce. Shayi ne. Da madara. Sukarin kuma wanda ya zuba shi ba ya tsoron kowa." Ya ɗauki ɗan tsinke ya soka a bakinta, inda ake sa caja, ya zaƙulo wani abu fari ya ɗora mini a tafin hannu. Ƙwayar shinkafa ce, ɗanya. Ya ce, "An binne ta a buhun shinkafa don ta tsotse ruwan, kamar yadda ake yi wa waya. An yi ƙoƙarin ceto ta. Ko dai wanda ya yi ya yi nadama, ko kuwa su biyu ne, ɗaya mai kisa, ɗaya mai jinya. Kuma ya kwana biyu da faruwa, dubi yadda ya bushe."

Na tsaya a ƙarƙashin matakalar nan ina kallon ƙwayar shinkafa. Sista baƙin shayi take sha ba sukari. A ɗakinmu na asibiti an hana sukari shiga, ni na hana. Buhun shinkafa kuwa ba shi da abin yi a wurin. A gidana akwai buhu. Maigidana yana tafiyar aiki, yara kuma ko sun taka kujera hannunsu bai kai saman kwaba ba. Saura mutum biyu, Baba da Mama, waɗanda ke zaune tare da mu tun da ƙafar Baba ta fara ƙin matakalar tsohon gidansu.

A hanyar komawa abubuwa suka riƙa dawo mini. Iyayena mutane ne da ba sa wuni ba su yi musu ba, a kan rediyo, a kan fanka, a kan wanda ya fara tsufa. Amma duk makon nan gidan shiru. Na ji Baba da kunnena yana yaba gishirin miya. Na ga Mama ta miƙa masa ruwa ba ta ce komai ba game da hannayensa biyu da Allah ya ba shi. Sannan ga safa. Ana zafi kamar a tuɓe fata, Baba yana yawo da safa mai kauri, yana jan ƙafa ɗaya, in na tambaya ya ce gwiwa ce.

Na bari aka zauna cin abinci da yamma, yara suka gama suka fita wasa. Na ɗauko marigayiya na kwantar da ita a tsakiyar tebur, na ajiye ƙwayar shinkafar a kan ɗan faranti kusa da ita. Baba ya dubi gawar, ya ci gaba da tauna. Ya ce, "Ashe ta rasu. To, da ma ta tsufa."

Na ce, "Baba, shinkafa aka samu a bakinta."

Ya ce, "Yunwa ce ta kashe ta ke nan. Ai ba kya ba ta abinci."

Cokali ya suɓuce daga hannun Mama. Ta ce, "Malam, ni fa na gaji."

Ya ce, "Kul."

Ta ce, "Kul ɗin me? Kwana nawa ba na barci?" Ta juyo gare ni, idanunta sun ciko. Ta ce, "'Yar nan, ki bar maganar shinkafa. Sha tara mai kyau ce ko maras kyau?"

Na ture farantina gefe.

Ga yadda marigayiya ta gamu da ajalinta, bisa shaidar mahaifiyata. Ranar Asabar da rana na kai yara aski da sayen takalma. Mama ta daɗe tana lura cewa Baba ba ya cire safa ko zai kwanta, kuma yakan sauko da ƙafar nan ƙasa daga gado yana cije baki. Ta yi ta fama ya nuna mini, ya ƙi, ya ce in ta faɗa mini ba shi ba ita. Da ya kishingiɗa yana barcin rana, ta taka kujera ta sauko da na'urar. Ta sha ganin yadda nake yi. Ta zame masa safar a hankali zuwa rabi, ta ɗora ɗan kan a bayan ƙafar, ta danna. Lamba ta fito, marigayiya ta yi magana. Baba ya farka firgigit, ya ɗago, ya ga abokiyar gabarsa a kan ƙafarsa. Ƙafar mai lafiya ta tashi. Kofin shayin da ke kan ɗan teburin gefen gado ya kife a kan marigayiya. Fuskarta ta yi walƙiya, ta ɗauke. Su biyun suka goge ta, suka shanya ta a gaban fanka, suka binne ta a buhu ta kwana, suka mayar da ita jaka kafin in lura. Mama ce ta naɗe wayar.

Baba ya buga tebur ya ce, "Sittin da ɗaya ta rubuta! Da idona na gani. Uwarki ba ta sa gilashinta ba. Ke da bakinki kin taɓa cewa sittin ba laifi."

Mama ta ce, "Sha tara na gani, Rafali. Ɗaya da tara."

Na tambayi Mama ina ta riƙe na'urar. Ta ce a hannunta, fuskar na kallonta, tana zaune a wajen ƙafafunsa. Na tambayi Baba daga ina ya hango. Ya ce daga inda yake mana, wajen filo. Na dangwali ruwa da yatsa na rubuta ɗaya da tara a kan tebur ta gefen Mama, na ce Baba ya karanta daga kujerarsa da ke fuskantarta. Ya duba. Ya kau da kai ya ce rubutun ruwa ba hujja ba ne.

Na ce, "To Mama, me ta ce? Wane irin kuka ta yi?"

Mama ta rufe ido, ta tattara leɓe, ta ja murya ƙasa-ƙasa. Ɗuuum. Ta kwaikwaye ta daidai, har da 'yar rawar da muryar ke yi a ƙarshe. Wannan ita ce kalmar marigayiya ta ƙarshe a duniya.

Na ce, "Baba, a cire safar nan."

Ya ce, "A gidan nan ni ne uba."

Ban yi musu ba. Na zaga na durƙusa a gabansa, na kama ƙafar na ɗora a cinyata. Ya ja, na riƙe. Ya sake ja, ba da ƙarfi ba. Na zare safar. Ƙafar sanyi ƙalau kamar an ciro ta daga firji, ƙaramin yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara sauya launi. Na ɗago na dube shi, shi kuma bango yake kallo.

Ya ce, "Abokina da muka yi alƙalanci tare, yatsa ɗaya ya kai shi asibiti. Na je duba shi, na tarar ba ƙafa har gwiwa. A gabana aka ɗaga shi kamar buhu aka sa a keke. Uwata, da ƙafar nan na yi gudu a fili na ciyar da ku. In za ta tafi, gara mu tafi tare."

Na ce, "Baba, in muka tafi yanzu, ina sa ran yatsa ne kawai. In muka jira, ban san me zan ce maka ba."

Mama ta riga ta ɗauko masa hula da takalmi ɗaya.

Abokin aikina likitan jijiyoyin jini ya karɓe shi a yammacin, washegari aka shiga da shi. An buɗe jijiyar da ta toshe, jini ya sauka. Ƙaramin yatsan bai tsira ba, maƙwabcinsa yana farfaɗowa, ƙafar tana nan. Likitan ya ce da an ƙara mako guda, da wata magana ake yi. Saboda haka iyalai na so a sani cewa marigayiya ta rasu ne a bakin aiki, tana faɗin gaskiya ga mutumin da ya fi kowa ƙin jinta.

Duk da haka, akwai abubuwan da bincike bai warware ba, kuma ba zan ɓoye wa jama'a ba. Baba ya dage cewa firgita ce ta sa ƙafarsa ta tashi. Ni dai na san mutumin da ya ƙare rayuwarsa a filin ƙwallo ya san inda ƙafarsa ke zuwa, kuma kofin nan ba a kan hanya yake ba. Game da shayin, Baba ya ce na Mama ne. Mama ta ce nasa ne, ita ta haɗa, kuma ko ƙwaya ɗaya ta sukari ba ta sa ba. Da na je ɗauko masa kayan kwanciyar asibiti, na ɗaga tsohon takalminsa na ƙwallo da ke ƙarƙashin gado na ji shi da nauyi. Gwangwani ne a ciki, cike da sukari, har da ɗan cokali. Baba ya ce bai san shi ba, yana zargin yara.

Sista an wanke ta. Na same ta a gaban mutane na ba ta haƙuri, ta karɓa, ta ma je duba Baba da lemo. Sai dai yanzu in za ta fita takan kulle aljihun teburinta tana kallona. Mai goge-goge ma an wanke ta. Dillali kuwa ba a same shi da hannu a wannan kisa ba, amma har yau bai yi mini bayanin da ya gamsar da ni ba game da yadda ya san an yi rasuwa, don haka ina nan ina lura da shi.

Gawar marigayiya tana ɗakinmu na kula da gyambo, a saman kantar ɗakin, cikin jakarta, an sa kwaɗo. Ana karɓar gaisuwa a ranakun aiki bayan an sallami layi. Masu ciwon sukari da ke son zuwa ta'aziyya su zo da takalmi mai sauƙin cirewa, domin ba wanda zai wuce bakin ƙofa ba a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsunsa ba, kuma ba za a saurari maganar gwiwa ba. Ba a buƙatar furanni. Ba a buƙatar hoton sabuwar na'ura. Ba za a jefa ta a kwandon shara ba, saboda batirinta da kuma darajarta. Za a miƙa ta ga masu karɓar matattun kayan lantarki da ke bayan kasuwa, bayan mai gyara ya mayar mata da ƙusoshinta.

Ba a tsayar da rana ba tukuna, kuma dalilin yana kwance a gado na kusa da taga a ɗakin maza. Jiya da na shiga duba ɗaurinsa, Baba ya tambaye ni ko an riga an kai ta. Na ce a'a. Ya ɗan yi wasa da bakin bargo, sannan ya ce kada a taɓa ta sai an sallame shi ya fara takawa, shi zai ɗauke ta da hannunsa tun daga ɗakinmu har bakin mota, ba sanda, ba mai riƙe shi. Mama ta ce a rubuta a ajiye, Rafali zai yi wa wani rakiya. Ni kuwa na gama naɗe bandejin, na tsaya ina dubansa. Na ce, "Baba, nadama ce, ko so kake ka tabbatar da idonka ta mutu?"

Ya gyara filo, ya juya wa bango fuska. Ya ce, "Duka biyun."

Iyalai sun amince da wannan buƙata. Za a sanar da ranar da zarar ƙafar ta taka ƙasa.